Gide Ya Ba Kafireto Kanwa

A shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka sauka, har mu da ba mu taɓa aikin gwamnati ba sai da iskarsu ta kaɗa mu. Malaman makaranta suka sayi babura, malaman gona suka rataya rediyo a kafaɗa, kowa a Ruwan Godiya ya fara jin kunyar jakinsa. Amma babu wanda abin ya shiga wa rai kamar Gide.

Gide mutum ne da Allah ya ba baki ya rage masa kunne. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Kaduna, rakiyar mara lafiya, ya dawo yana koya mana yadda ake tuƙa jirgin ƙasa. In dai a bakinsa ne, babu abin da bai iya ba. In kuwa gaskiya za a faɗa, abu ɗaya ya iya a duniya, kuma ya iya shi ƙwarai: shanun huɗa. Yana da bijimai biyu, Ɗanja da Ɗanbaƙi, tun suna maruƙa ya hore su da hannunsa. In ya ɗaura musu garma ya yi fito, tare suke ɗaga ƙafa tare suke saukewa, kunya ta fita a miƙe kamar an ja ta da igiya. Da damina su yi huɗa, da rani su ja amalanken auduga. Su ne tuwon gidan, su ne miyarsa. To, wannan abu ɗaya da ya iya, shi kaɗai ne bai taɓa yin alfahari da shi ba. Kunyarsa ma yake ji.

A shekarar ne surukinsa, Baba Almu na Sabuwa, ya tafi Makka. Labari ya zo cewa mijin ƙanwar matar Gide, wani malamin firamare, ya sayi sabon babur, kuma da shi zai je taryar tsohon. Tun daga ranar Gide ya daina cin abinci da daɗi. Ya rantse a bakin masallaci cewa shi zai ja gaban ayarin masu tarya, kuma a kan abin da Sabuwa ba ta taɓa gani ba.

Ya kai auduga Ƙanƙara ranar kasuwa, sai ya ga abin a rumfar Alhaji Harisu, falken shanu. Wani tsohon babur ne na Ingila, baƙi wuluk, da wani Baturen auduga ya bari tun kafin a karɓi mulki. Salansa biyu gare shi, tankinsa ya kai tulu. Gide ya zagaya shi, ya sake zagayawa. Alhaji Harisu kuwa ba babur yake kallo ba, bijiman da ke ɗaure da amalanke yake kallo.

"Malam Gide, ka san kaya," in ji Alhaji. "Waɗannan na malaman makaranta, kafireto guda gare su. Wanga biyu."

"Tun daga nesa na hango su, Alhaji," in ji Gide, wanda bai san ko kafireto ci ake yi ko shafawa ba.

Kafin la'asar an yi musaya, bijimai biyu a bakin babur. Alhaji Harisu mutum ne mai son a ce ya yi adalci, saboda haka ya tara shaidu ya ce, "Shanunka na nan garkena har alhazai su sauka, sannan in yi lodi zuwa Ikko. Kahin nan, in ka ji ba ka so, maido mani shi yana tahiya da ƙahwarshi kamar yadda na ba ka, ka kwance abinka."

"Alhaji, ko yanzu ka ga dama ka yanka su," in ji Gide.

Yadda ya kawo shi gida labari ne daban. Ya iso dai da gwiwa ɗaya a saɓule, yaran gari na biye da shi. Matarsa Lauratu ta leƙo zaure riƙe da muciya, ta dubi babur, ta dubi bayansa.

"Malam, ina amalanke?"

"Yana Ƙanƙara."

"Ina masu janshi?"

Gide ya buga tankin da tafin hannu. "Ga su nan ciki, sun zama ashirin."

"To, Allah ya sa ashirin ɗin sun iya huɗa," in ji ta. Ta koma ciki, muka ji an ajiye tukunya da ƙarfin da ba na ajiye tukunya ba.

Babur ɗin yana tafiya, ba a ce ba ya tafiya ba. Sai dai gefen dama yana buga ganga daidai, gefen hagu yana tari kamar tsohon da ya shaƙi taba. In an murɗa totur sai ya yi ɗingishi kafin ya yarda ya ja. Maƙwabcin Gide, Mani, wanda suka yi kiwo tare tun suna yara, shi ya matsa masa ya kai shi Faskari wurin Sanusi makanike.

Sanusi ba shi da ladabi ko na sisin kwabo, amma shi ke duba baburan malaman makarantar yankin duka. Ya saurari injin, ya cire murfin iska, ya zura yatsa.

"Malam Gide, wa ya cuce ka?"

"Sayen shi na yi."

"Shi nake tambaya. Zo ka gani. Wanga abu shi ke dama mai da iska ya ba inji, kamar yadda ake dama hura da nono. Kowane ɓangare da nashi. Cikin kowane akwai ɗan gwangwani mai hawa da sauka in ka murɗa totur, da allura a gindinshi. Sa yatsa ka ji. Ka ji yana kwaram-kwaram? Tsuhwa ce. Ya cinye, iska na satar hanya ta gehe, na hagu ya hi lalacewa."

"Sai a yi yaya?"

"Sai a aika Kaduna a nemo sabbin gwangwanaye da allurai. In sun zo, in daidaita kebur ɗin, in sa yatsa ɗaya nan ɗaya can, a murɗa, in ji sun ɗaga lokaci guda. Sannan in cire hular fulogi ɗaya in saurari ɗayan, in musanya, har bugunsu ya zo daidai. Kahin nan kar ka taɓa komi. In ma kana jin magana, maida shi inda ka ɗauko."

Duk bayanin nan, abu ɗaya ne ya sami ƙofa a kunnen Gide.

"Tsaya. Wato biyu ne, kuma dole su ja tare?"

"Iyakarta ke nan."

Gide ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Yo ashe malaminka ne ya zo wurinka! Sanusi, tun kana yawo ba wando nake haɗa biyu su ja tare. Kaduna! Don wanga ɗan aiki?"

"Malam Gide, wanga ba ya cin harawa."

"Kai dai ka tsaya ga masu kafireto guda," in ji Gide, ya hau ya tafi yana ɗingishi.

Washegari ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya raɗa wa kafireton hagu suna Ɗanja, na dama Ɗanbaƙi, ya yi wa duk wanda ya tsaya bayani. Duk mai shanu ya sani, in sa ɗaya ya yi rauni a garma, ba dukansa ake yi ba, dusa ake ƙara masa. Ya kwance kofin man Ɗanja, ya sami ɗan ramin da fetur ke bi, ya ɗaga shi sama ya leƙa.

"Subhanallahi! Mani, zo ka ga zalunci. Ta nan yake cin abinci! Ko sauro ba ya ƙoshi ta nan. Dole ya rame."

"Halan Baturen da ya yi shi haka bai san abin da yake yi ba," in ji Mani.

"Bature ya taɓa kiwon sa?"

Ya aika aka kawo basillar ɗinkin buhu, ya yi ta murza ta cikin ramin har sai da hasken rana ya wuce sosai. Ya ɗaura, ya buga kik. Hayaƙin da ya fito daga salansar hagu, ko gidan ƙona tukwane albarka. Ya haura katanga ya sauka a kan garin da Lauratu ta shanya, ya wuce ya gaida wankin liman.

Lauratu ta fito tana tari. "Malam, garin tuwon dare ya zama na baƙin shuni."

"Ɗanja ne ya ƙoshi yana gyatsa."

"To ka ce mishi ya riƙa juya baya in zai yi."

Da hayaƙi ya lafa Gide ya kasa kunne, sai ya ji yanzu Ɗanbaƙi ne muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce ba zai yi son kai tsakanin dabbobinsa ba, ya sake ɗauko basilla. Daga ranar babur ya koma shan mai kamar ana zuba wa rairayi. Mai sayar da fetur a galan da ke bakin titi ya fara miƙewa tsaye in ya hango Gide, yana kiransa ranka ya daɗe.

Ɗingishin dai bai tafi ba. Gide ya kwana yana tunani, ya tashi da dabara ta biyu. In sa yana nawa, ai igiyar hancinsa ake ragewa, ya ji a jikinsa. Ya bi kebur ɗin Ɗanja ya ɗaure shi tamau, ya ga kamar bai isa ba, ya ƙulla masa ƙulli a tsakiya. Don kar Ɗanbaƙi ya yi dariya, shi ma aka yi masa.

Yana buga kik injin ya kurma ihu, alhali ko taɓa totur bai yi ba. Kaji suka watse.

"Kashe shi!" in ji Mani.

"Kashe mi? Yau ne ya san da wa yake!"

Ya haye, ya taka giya. Ban ga tafiyarsa ba, ƙurarsa na gani. Babur ya ratsa masussuka inda mata ke shiƙar dawa, suka zubar da ƙore suka yi ta kansu. Gide ya jingina baya yana jan kan babur da hannu biyu kamar igiya, yana ihu, "Hoo! Hoo! Tsaya, ɗan banza!" Ya manta sarai Bature ya sa birki. Abin da ya tsayar da shi tarin audugar Mani ne, wadda aka tara za a ɗura a buhu. Ya shige ciki har ƙugu, ta kai.

Muka jawo shi ta ƙafa. Ya fito fari fat, gira da gemu, yana tofar da auduga.

"Kun ga gudu?" shi ne abin da ya fara faɗa. "Wane malamin makaranta ne zai kamo wanga?"

"Na gani," in ji Mani, yana duba audugarsa da ta sha baƙin mai. "Saura ka koya mishi inda zai je."

Da yamma Lauratu ta same shi a zaure. Mani na nan yana shafa masa man kaɗanya a kafaɗa, shi ya ba mu labari. Ya ce wannan karon babu gatse a bakinta. Ta durƙusa a gabansa.

"Malam, don girman Allah ka saurare ni. An ce jirgin su Baba ya kusa. Ka kai abin nan wurin Sanusi ya maida shi yadda yake, ko ɗingishin ne ya riƙa yi, ka maida ma Alhaji. Ni tsoro nake ji. In ruwa ya sauka, da mi za mu yi huɗa? Dabbobin nan ko muryarka suka ji daga bayan gari sai sun miƙe."

Mani ya ce har ya ɗauka maganar ta shiga. Sai Gide ya gyara zama ya ce, "Ke ba ki san zamani ba. Wa ke maganar shanu yanzu? Baɗi tarakta zan sawo."

"Ita ma kafireto biyu gare ta?"

"Huɗu."

Ta tashi ta koma ciki. Da safe ta hau mota zuwa Sabuwa don taya 'yan'uwanta shirin tarya.

Tafiyarta ce ta ba Gide ɗakin girki. Ya ce ya gano inda matsalar take: ciki ne ya ƙi wankuwa. Ba ga shi ba, duk sauyin shekara ana ba shanu kanwa su lasa, cikinsu ya wanke, su ci abinci da kyau? Waɗannan kuwa tun zamanin Bature ba wanda ya ba su ko ƙwaya.

Ya warware ƙullin kebur, ya kwance kafireto biyun gaba ɗaya. Da ya ga gwangwanayen duk zane-zanen tsufa, sai ya ɗebo toka da yashi ya goge su kamar yadda mata ke goge kwanon samira. Suka yi ƙyalli, suka kuma ƙara ramewa, har in ya sa su a mazauninsu ya girgiza sai su yi kiɗa. Sannan ya ɗora tukunyar miyar Lauratu, ya zuba jar kanwa cikin tafi biyu, ya jefa Ɗanja da Ɗanbaƙi, ya hura wuta.

Ruwa na tafasa wata kumfa mai toka-toka ta taso, tana tsuwa.

"Ka gani? Cutar ce ke hita," in ji Gide.

Mani ya leƙa. "Ni kau gani nake kamar naman ne ke hita."

"Kai da ko akuya ba ka iya kiwo ba."

Ya bar su a ciki suka kwana, don maganin ya ratsa. Da gari ya waye suka fito sun yi fari-fari, jikinsu duk ƙananan ramuka, in ka shafa sai gari ya biyo yatsa. Da ya ɗaura, fetur ya riƙa tsatsafowa ta ko'ina. Gide ya tauna sabulu ya liƙe, ya naɗe da yankin robar taya. Abin haushi, da ya buga kik sai babur ya tashi. Na ce abin haushi, don da ya ƙi tashi a ranar, da wataƙila an sami mai ja masa kunne.

Ranar tarya Gide ya aro babbar riga, ya sa tabarau baƙi. Mani ya hau baya rungume da galan ɗin fetur, ba don ƙauna ba, don kar a ba shi labari. Mu kuma muka bi su a a-kori-kura. Duk inda suka tsaya ƙara mai sai an ƙara sabulu. A haka dai aka lallaɓa har Sabuwa.

A bakin garin akwai wani siririn kwalbati, mota ɗaya ke wucewa a kansa. Nan masu tarya suka taru. Babura sun yi layi, har da Sanusi da malaman makaranta suka ɗauko don ko-ta-kwana. Mata na cikin motarsu da Lauratu, makaɗa na gefe. Gide ya kutsa ta tsakiya yana tari da hayaƙi har ya kai gaba, ya dubi mijin ƙanwar matarsa ta saman tabarau.

"Malam, ja baya kaɗan, kar iskata ta kayar da kai."

Sai ga motar Alhaji Almu ta ɓullo. Mata suka rangaɗa guɗa, makaɗa suka saki kiɗa. Gide ya ɗaga hannu kamar shi ya kira taron, ya murɗa totur har ƙarshe. Gwangwanin Ɗanja ya yi tsalle sama ya maƙale. Na Ɗanbaƙi ko motsi bai yi ba. Babur ya zabura ya hau kwalbati a karkace, ya saki wata ƙara kamar bindigar toka, Mani ya dira da galan ɗinsa, sannan komai ya yi tsit. Ya mutu a gicciye, a tsakiyar kwalbati.

Ayari ya tsaya cak. Babura a baya, motar Alhaji a bayansu, motar mata, mu, can ƙarshe kuma wata babbar motar shanu mai gangarawa kudu ta iso tana danna oda.

Gide ya buga kik. Ya sake bugawa. Hula ta faɗi, tabarau ya bi ta. Mutane suka fara ba da shawara, wasu na cewa a tura, wasu na cewa a jefa shi rafi. Gumi ya jiƙa rigar aro. Da abin ya ishe shi sai ya manta da inda yake, ya sunkuya kan injin, ya yi fiton nan nasa na gona, ya ɗaga murya.

"Ɗanja! Ɗanbaƙi! Haba, ku tashi mana! Kar ku ba ni kunya!"

Sai aka amsa masa. Daga can ƙarshen layi, daga saman motar shanu, bijimai biyu suka yi kuka tare. Muka waiwaya. Ga kawunansu nan sun leƙo ta saman katako, ja da baƙi, kafaɗa da kafaɗa, suna neman inda fiton ya fito.

Makaɗa suka daina kiɗa. Alhaji Harisu ya sauko daga gaban motar shanun yana gyara rawani. Kafin ya kai kwalbati Lauratu ta riga ta diro daga motar mata, ta durƙusa a gabansa a kan titi.

"Alhaji, don darajar wanda ya dawo daga Ɗakin Allah."

Alhaji Harisu ya dubi jama'a, ya ga shaidu sun fi na Ƙanƙara yawa. Ya ce, "Tashi, ɗiyata. Alhazai sun sauka, wa'adi ya cika. Amma albarkacin baƙon Makka, na ƙara. Ya tashe shi, ya kai shi gindin waccan ɗorawar da ƙahwarshi, in sauke mashi shanunshi nan take."

Ɗorawar ko jifa ba ta kai ba. Gide ya hau kik da ƙafa, ya hau da dukan jikinsa. Babu fito yanzu, babu cika baki. Da numfashi ya ƙare masa sai ya ɗaga kai yana neman fuska ɗaya a cikin taron.

"Sanusi. Don Allah."

Sanusi ya zo ya tsuguna. Ya warware robar, ya ɓanɓare sabulun, ya danna kofin man Ɗanja da babban yatsa. Yatsan ya shige ciki. Gefen kofin ya ruguje a tafinsa kamar ƙanzo, sauran fetur ya tsiyaye a kan kwalbati. Ya kai garin hanci ya sansana.

"Malam Gide, mi ka ba shi?"

"Kanwa," in ji Gide, can ƙasa.

"Mi?"

"Kanwa."

"Ja ko hwara?"

"Ja."

Sanusi ya karkaɗe hannu ya miƙe. "To, Allah ya jiƙan shi. Ka yi mishi gata."

Dariyar da aka yi a wurin, har direban motar shanu sai da ya kifa kai a sitiyari. Samari suka ɗaga babur suka jingina shi a gefen rafi, ayari ya wuce, malamin firamare a gaba. Motar shanu ce ta bi ta ƙarshe. Da ta zo daidai Gide, bijiman suka miƙo hanci, suka juya kai suna kallonsa har ta hau titi. Ya bi ta da gudu, rigar aro na harɗe shi, ya yi ɗan nisa sannan ya tsaya. Ni dai a nan dariyata ta ƙare. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, ban san wanne ya fi ba.

Alhaji Almu bai san abin da ya faru ba. Tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi, yana bayan mota yana jan carbi, ya ɗauka cunkoson murna ne. Da aka natsa a zaurensa ana raba dabino da zamzam, sai ya ce a kira masa Gide. Gide ya shigo ya tsuguna can bakin ƙofa, kai a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi. Tsohon ya laluba jakarsa ya ciro wani ƙullin ƙyalle, ya kwance. Ƙararrawa ce guda biyu ta jan ƙarfe, kowace da igiyarta.

"Can na gan su wuyan raƙuma, na ce wanga sai bijiman Gide," in ji shi da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa. "Har a Mina na ba mutane labarinka. Na ce ina da suruki, in ya ja kunya da shanunshi, ko mai awo ba ya gyara mishi. Duk surukaina babu wanda nake bugun gaba da shi kamarka. Ungo, ka ɗaura masu. In za ka zo huɗar gonata bana, in jiyo ku tun daga nesa."

Gide ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya damƙe su gam don kar su yi ƙara.

Da ruwa ya sauka, mun ga Gide a gonarsa da garmar hannu, a duƙe, shi kaɗai, bai ba kowa labarin tarakta ba. Babur kuwa a amalanken haya aka dawo da shi, yana nan jingine a bayan rumbu. Lauratu ce ta ɗauki ƙararrawar nan ta rataya ɗaya a wuyan kafireton hagu, ɗaya a na dama. In akuya ta zo susa a jikin tayar, sai su kaɗa tare, lokaci guda, babu wanda ya riga wani. Duk sanda suka kaɗa, in Gide na tsakar gida, sai ya tashi ya fita.